Marmarin Dije

Bana marka ta zauna mana sosai a Kalgo. Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi, tufafi sun ƙi bushewa a igiya. Tafasa ta fito a bayan gida kore shar, har gwiwa. Shekaranjiya na ɗauki kwando na tsinko, na dafa, na matse, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono. 'Yata Maryam ta shigo ta same ni ina ci, ta ce, "Inna, ga shinkafa a tukunya, mi ya kai ki cin ganye?" Na ce mata marmari nake yi. Ta yi dariya ta wuce. Ni kuwa kalmar da ta fito daga bakina ta tsaya mini a rai, domin akwai shekarar da na yi wata biyu ina cin tafasa ba don marmari ba, kuma a shekarar ne na tsani kalmar nan kamar yadda ake tsanar mutum.

A Dodoru aka haife ni, can ƙasar Gwandu. Shekarar da nake magana ina da shekara goma sha biyu ko sha uku, yau an haura shekara arba'in. Ni ce auta. Yayyena mata duk an aurar da su, gidan ya rage Baba da Inna da ni da Yaya Bello, wanda ya ba ni shekara goma. Tun ina rarrafe Yaya Bello nawa ne. Shi ya ɗora ni a wuya ranar da na fara ganin kasuwar Gwandu. In ya dawo daga ko'ina ni ke tarbarsa in zura hannu a aljihunsa, kuma ban taɓa fito da hannun wofi ba, ko gyaɗa ko guntun rake ko goruba. Duk shekara tumun farko da ya gasa, ni yake murza wa a tafin hannu.

Bayan kakar da ta gabaci shekarar nan aka yi masa aure. Amaryar sunanta Dije, 'yar Dangoma ce. Mahaifinta mai shanu ne, yakan kawo garkensa gonarmu da rani su ci kara su bar mana taki, daga nan abota ta ƙullu tsakaninsa da Baba har ta kai ga surukuta. Dije doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta haɗa ido da Baba, kuma ban taɓa ganin ta kai loma baki a gaban mutum ba. In an raba tuwo sai ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki ta saki asabari. Da farko ban ƙi ta ba. Ta yi mini kitso irin nasu har sau biyu, ƙawayena suka yi ta taɓawa.

Kakar ba ta yi albarka ba, biki kuma ya ci nasa rabon. Da bazara ta shigo, dammunan geron da ke rumbu ana iya ganin ƙarshensu daga bakin ƙofa. Zafin shekarar kuwa ba a magana. Ƙasa ba ta takuwa da rana, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta, kaji suna buɗe baki a inuwar rumbu. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta kwashe shi ta wuce da shi.

Da ruwan farko ya sauka duk gari aka fita shuka. Baba da Yaya suna sara, ni da Inna muna bi muna zuba iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro gwanin kyau. Sai ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, aka shiga na uku. Tsiron ya nannaɗe kamar allura, ya yi ja, ya kwanta. Maza suka fita roƙon ruwa har sau biyu. Da Allah ya kawo shi, dole a sake shuka, irin kuwa daga cikin abincinmu ya fito. Ina tsaye a gindin rumbu ranar da Baba ya shiga, na ji ƙarar tsintsiya a dandamali. Ya fito da ƙwarya biyu, ya miƙa wa Inna ɗaya, ya ce, "Wagga ta ciki, wagga ta ƙasa."

Daga nan zaman gidan ya koma kan tsari ɗaya. Da safe kunu, tsararo, kana leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka. Sai gona. Da rana ba a ɗora komai, sai ruwan tsamiya. Da azahar ni ke barin gona in bi gefen hanya da kufai ina tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, in cika kwando. Da yamma Inna ta tuƙa tuwo ɗan kaɗan, rabi gari rabi dusa, ta lulluɓe shi da ganye. Daga baya tuwon ya koma yau a yi gobe a huta. Wanda bai yi irin wannan zama ba yana zaton yunwa a ciki take tsayawa. A gwiwa na fi jin ta. In na duƙa da fartanya na ɗago sai gonar ta juya, kunnena ya yi ta ƙugi. Hamma ba ta ƙarewa. Hancina kuma ya yi kaifi, in wani gida a ƙarshen unguwa suka soya albasa sai na sani.

Ni ba na iya shiru. Ina shigowa zan ce, "Inna, yunwa."

Ita kuma ta ce, "Kin sha kunu. Wadda ta sha kunu ba ta jin yunwa, sai dai kwaɗayi."

"Wallahi yunwa ce."

"To ga dusa nan, in dama maki?"

In na yamutsa fuska sai ta ce, "Kin gani? Yunwa ba ta zaɓe. Mai yunwa abin da anka miƙa mishi shi yake ci. Wanda yake duba mi anka miƙa, wannan kwaɗayi gare shi." Duk da haka in ta gama kwashe tuwo, ƙanzon tukunya nawa ne. Takan kankare shi ta jiƙa mini da ruwa da ɗan gishiri. Tun da na yi wayo haka ake yi, ba wanda ya taɓa tambaya.

A zaman nan na lura kowa a gidan da kalmar da aka yarje masa. Baba yakan zauna bayan ya ci ganye ya ce, "Kai, ƙawar nama ta dame ni," a yi dariya, ba mai cewa kwaɗayi ne. Yaya yakan wuce gonar wani da ta tsira daga farin ya ce ta ba shi sha'awa, ba mai cewa ƙyashi ne. Ni kuwa ko me na nema, sunansa ɗaya.

Sai wata sabuwar kalma ta shigo gidan. Dije tana da ciki. Ba wanda ya gaya mini, na gane ne daga yadda muryar Inna ta yi laushi in tana mata magana, da yadda aka hana ta daka. Wata rana da yamma na ɗauko ƙoƙona na tsuguna a gindin murhu ina jiran ƙanzo. Inna ta kankare, ta jiƙa, ta barbaɗa gishiri, sai ta miƙo mini ta ce, "Kai wa matar yayanki."

Na ce, "Nawa ne fa."

Ta ce, "Tana marmarinshi. Mai ciki ba a hana ta abin da ranta ya biya."

"Ni ma ina marmarinshi."

"Ke da mi za ki yi marmari? Tashi ki kai mata. Kwaɗayi mabuɗin wahala."

Na kai. Na tsaya a bayan asabari ina jin yadda take taunawa a hankali, ƙurus, ƙurus, kamar mai tsoron a ji. Na tsaya har ta gama. Ƙanzo ɗaya, tukunya ɗaya, yau na nema an ce kwaɗayi, ita ko baki ba ta buɗe ba an ce marmari.

Daga ranar komai ya koma can. Sauran tsamiya, ita. Guntun ƙuli-ƙulin da Inna ta ɓoye a tulu, ita. Abin da ya fi ƙona ni shi ne Yaya. Rannan ya dawo daga gona da wani abu a ƙunshe cikin hularsa. Tun daga nesa na ji ƙanshin gwandar daji. Na ruga na tare shi a zaure kamar yadda na saba, na miƙa hannu. Ya ɗaga hular sama yana murmushi, ya ce, "Auta, ki yi haƙuri, guda biyu ne kawai." Ya wuce ni ya shiga ɗakinta. Guda biyu. Ko a lokacin na iya raba biyu gida biyu.

Na fara kallonta da wani ido. In ta fito alwala ina duba wuyanta ko ya yi kauri. In ta yi dariya a ɗaki da Yaya sai in ji kamar da ni suke. Kitson da ta yi mini na tsefe shi da kaina tun bai tsufa ba. Ta ce, "Auta, zo in gyara maki." Na ce kaina ke ciwo.

Ana tsakiyar maimai, wata la'asar, na ji Yaya yana gaya wa Baba zai tafi fadamar Kalgo ƙodago. Ya ji ana neman masu cire ciyawa a shinkafa. Baba ya ce, "Ka tahi ka bar ni da gona, ciyawa tana cin gero?" Yaya ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Ta ce kihi take marmari." Baba ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya." Ina bayan zana, duk na ji.

Kwana goma sha biyu ya yi. A kwanakin nan ne marka ta fara, ruwa ba ƙarfi amma ba ya tsayawa. Kunyoyin da Yaya ya bari, ni na gaje su. Ina bayan Baba, taɓo yana riƙe mini ƙafa, sanyi yana shiga ƙashi, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Duk saran da na yi sai in ce a raina, wannan na kan kifi ne, wannan na wutsiya ne. Ina dawowa gida jiƙe sharkaf in same ta zaune a bakin ƙofa, a bushe, tana tsince tsakuwa a dusa. Takan ce, "Sannu, Auta." Ba na amsawa.

Ya dawo ran wata Laraba. Mota ta sauke shi a Gwandu, ya ƙaraso a ƙafa da rabin buhun dawa a ka. Ya rame, ƙafafunsa duk tabon matsattsaku. Inna ta zuba hannu cikin dawar har gwiwar hannu, ta yi ta hamdala. Ni idona yana kan jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Ya buɗe ya fito da ƙunshin takarda mai maiƙo. Tarwaɗa ce banda, guda huɗu, baƙaƙe, kowace an lanƙwasa ta kamar gammo. Ƙanshin ya cika tsakar gida, miyau ya tsinke mini har sai da na haɗiye sau biyu. Da ya ajiye jakar na zura hannu na laluba har kusurwoyi. Ba komai. Ya dafa kaina ya ce, "Baba ya ce kin yi ƙoƙari." Shi ke nan tsarabata.

Inna ta ɗauki ɗaya ta ce ta miya ce. Ta farfasa ta ta riƙa sa mana kaɗan-kaɗan, sai dai ka ji labarinta a baki. Ukun ta miƙa wa Dije ta ce, "Ki adana, ki riƙa gutsura. Ya kai ki har gero shi nuna."

Bayan kwana uku wata tsohuwa ta rasu a maƙwabta. Da azahar na dawo daga tsinkar ganye na tarar gidan ba kowa, Inna ta ja Dije sun shiga gaisuwa. Ruwa yana ɗan yayyafi. Na ajiye kwando. Ban tsaya shawara ba, ƙafata ce ta kai ni ɗakin. Kwanon yana cikin ragaya, na taka turmi na sauko da shi. Na buɗe. Ukun suna nan, wutsiyar ɗaya kawai aka ɗan gutsura. Wannan ya ƙara harzuƙa ni. Na ce wato har ta ƙoshi, yanga take yi da abin da ni nake mafarkinsa.

Niyyata in ɗan ɓantari kaɗan. Da ya taɓa harshena ban san lokacin da na cinye guda ba, har kai, har ƙaya ina taunawa. Na kama ta biyu. Ban kai rabi ba cikina ya juya, domin ya daɗe bai ga maiƙo ba. Na tsaya ina numfashi, ga ɗaya da rabi a kwano. Ci ba zai yiwu ba. Da na mayar da su na rufe, da wataƙila abin ya tsaya a faɗa da ɗan duka. Amma da na tuna za ta dawo ta zauna a bayan asabari ta ci sauran a hankali, sai na ji ba zan iya ba. Na ƙunshe su a bakin zanina, na zagaya bayan gida, na jefa a masai. A shekarar da muke cin dusa. Na mayar da kwano cikin ragaya, na goge hannu da toka, na murza ganyen tafasa a baki da yatsu.

Da suka dawo Dije ta ce in taimaka mata da ruwa a buta. Na miƙa mata. Ta karɓa, sai ta tsaya. Na ga hancinta ya ɗan motsa. Ta dube ni, ba da faɗa ba, kallo ɗaya, ta shige ɗaki. Na jira kira har aka yi magariba, ba a kira ni ba. Gari ya waye, shiru.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Baba, bakinsa ya ƙi karɓar komai. Inna ta tsaya a ƙofar Dije ta ce, "Ɗan gutsuro mini kihin nan in yi wa Malam romo."

Muryar Dije ta fito daga ciki. Ta ce, "Inna, ya ƙare."

"Ya mi?"

"Ya ƙare."

"Duka ukun? Cikin kwana biyar?"

Yaya yana zaune a kan turmi yana shafa wa ƙafarsa man kaɗanya, hannunsa ya tsaya. Inna ba mai ɗaga murya ba ce, amma ranar kowa ya ji ta. Ta ce, "Na haihu bakwai, na san marmari. Marmari ɗanɗano ne, a taɓa a bari. Wanga haɗama ce. Yaro ya tahi ya ba matsattsaku jininshi, uban gida yana kwance, ke kin shige ɗaki kin cika ciki."

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙirji. Wata biyu ina ɗauke da mummunar kalma ni kaɗai, yau an samo wadda ta fi tawa muni an ɗora mata. Na sunkuya ina tsinke rama don kada a ga fuskata. Da yamman nan ƙanzo ya dawo ƙoƙona.

Yaya bai yi mata faɗa ba, shiru ya yi mata, kuma shirunsa ya daɗe. Ya daina shiga da komai a hula. Da gero ya fara ido, ya karyo zangarniya biyu, ya gasa a bakin gona, ya murza mini a tafin hannu kamar kowace shekara. Na ci da zafinsa, na ji daɗinsa ƙwarai. Na tabbatar na shigo gida ina taunawa.

Dije ta koma cin abin da kowa ke ci, aka mayar da ita daka. Cikin yana girma, ita tana ƙanƙancewa. Wata safiya tana cikin daka taɓarya ta suɓuce mata, ta zube a gindin turmi. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Labari ya kai Dangoma, goggonta ta zo ta tafi da ita goyon ciki tun lokaci bai yi ba. Can ta haihu, watan bai cika ba. Da muka je suna na ga jaririn, ɗan mitsitsi, fata duk tattara, kukansa kamar na mage. Mata suna ta cewa sai addu'a. Allah ya raya shi, Usmanu ke nan, yau shi ke noma gonar Baba, 'ya'yansa shida.

Aka yi kaka, gero ya shigo, aka manta da dusa. Maganar kifi ce ba a manta ba. Inna ta huce, har ta zo ta fi son Dije a kan sauran surukanta na dangi, amma abin ya zama karin maganar gidanmu. In yaro ya kwashi abinci fiye da rabonsa sai a ce, "Kai, marmarin Dije." Ana faɗa a biki, ana faɗa a suna, a gabanta, ita ma ta yi murmushi. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Na yi aure na taho Kalgo, inda kifi yake a bakin ƙofa. Baba ya rasu, Inna ta rasu. Sau da yawa na shirya maganar a hanya, in na isa Dodoru na ga Yaya yana tarbata da fara'a yana cewa Auta ta zo, sai in haɗiye. Ban so ya dube ni da idon da ya dube ta.

Shekara biyu da suka wuce Yaya Bello ya rasu. Ranar sadakar bakwai ana raba wainar masa a tsakar gida, wani jika ya cafki uku, sai matar Usmanu, yarinyar da ba ta ma san tushen maganar ba, ta ce, "Ajiye, marmarin Dije." Mata suka yi dariya. Dije tana zaune a tabarmar takaba, ta tsufa, ta yi murmushin nan nata.

Da mutane suka ragu bayan azahar na shiga ɗakinta na zauna. Na ce, "Yaya Dije, akwai maganar da na daɗe da ita. Kihin nan na shekarar dusa, ni ce."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Tun da kika miƙo mini buta."

"Don mi ba ki faɗa ba?"

"In ce wa uwar mijina ɗiyarta ta yi sata? Ban shekara a gidan ba. Ba haka anka koya mini ba." Ta gyara zama. "Kuma ni ma da nawa. Auta, kin taɓa ganin an ci kihi a gidanmu a Dangoma? Mu da munka tashi da nono. Ƙarninshi ma tayar mini da zuciya yake. Wutsiyar nan da kika gani, a gaban yayanki na gutsura, na kora da ruwa don shi ji daɗi."

Na ce, "To ai ke kika ce kina marmari."

"Mi zan ce? Yunwa nike ji, irin wadda ban taɓa sani ba, ni da abin da ke cikina. Amarya ta buɗe baki a gidan miji ta ce yunwa, ai ta ce sun kasa riƙe ta. Marmari kaɗai anka bar mini. Ya tambaye ni mi nike so, na duba na ga in na ce kihi sai ya tahi Kalgo, kuma wanda ya tahi Kalgo da damina aiki zai samu, da hatsi zai dawo. Dawar nike so."

Dawar nan ita ta kai mu har tumu. Ban taɓa haɗa ta da Dije ba.

Ta ce, "Ke kuwa, kullum ina ɗaki ina jin ki. Ki shigo ki ce, Inna, yunwa. Da ƙarfi, ko kunya babu. A zage ki, ki ƙara faɗi. Na yi ƙyashinki, Auta. Na so in faɗe ta ko sau ɗaya."

Can na ce zan tara dangi in gaya musu, a daina wannan magana. Ta girgiza kai. Ta ce, "Bar su, yara ne, suna ne kawai a wurinsu. Mutum ɗaya na so shi sani, kuma yau kwananshi bakwai."

A waje ana wanke kwanoni. Sai ta ɗan yi dariya, ta dafa gwiwata, ta ce, "Amma kin iya ci. Tarwaɗa uku, ke kaɗai, kina 'yar firit. Kin dai ƙoshi ranar?"

Da na ce e, da mun rabu lafiya. Amma na riga na fara, sai na ƙarasa. Na gaya mata guda na ci da rabi. Na gaya mata inda na kai sauran.

Ta janye hannunta daga gwiwata a hankali. Da ta yi magana muryarta ba ta canza ba.

Ta ce, "Shekara arba'in, duk sadda anka kira sunan nan, sai in ce a raina, ba komai, yarinyar yunwa take ji, kuma ta ci ta ƙoshi. Da shi nike haƙuri."

Ta jawo carbinta. Ta ce, "Tashi, Auta, kada mota ta bar ki."